Kyan Walda Daga Ciki Yake

 Yau batunmu a kan waldar bututu ne, irin na ƙarfen nan da ba ya tsatsa, wanda kaurin jikinsa bai wuce milimita 2 ba. A cikinsa ake tura madara da magunguna a masana'antu. Ni a ganina, kuskure ne babba a yaba wa mai walda tun ba a leƙa cikin bututun ba.

Wannan ƙarfe, wani Bature ne mai suna Harry Brearley ya samo shi a birnin Shafil na Ingila cikin 1913. Asirinsa shi ne kuromiyam da aka gauraya a ciki, fiye da kashi 10 cikin 100, wanda ke yi masa wani lulluɓi da ido ba ya gani, ya hana tsatsa kama shi.

To, ga inda wuyar take. Zafi ba ya tafiya cikinsa da sauri, abin da yake wucewa bai fi sulusin na baƙin ƙarfe ba. Watau zafin sai ya taru wuri guda. In mai walda ya ƙara wuta, bututu ya huje. In ya ji tsoro ya rage, narkakken ƙarfen ya kwanta a sama kurum, bai ratsa har ciki ba. Daga waje a ga ɗinki sumul, a ciki kuwa ga tsaga. Nan madara za ta maƙale, ƙwayoyin cuta su yi gida inda wanki ba ya kaiwa. Kyan ɗan maciji ke nan.

Maganin abin ba ƙarin wuta ba ne, shiri ne. A yanke bakunan biyu daidai, a goge su tas, a haɗa ba rata. A yi aiki da allurar tangistan wadda ba ta narkewa, irin dabarar da Russell Meredith ya kyautata a Amurka cikin 1941. Sa'an nan a toshe bututun, a cika cikinsa da iskar agon ta kori iskar da muke shaƙa. In ba haka ba, cikin zai ƙone ya yi baƙi kirtsa-kirtsa, tsatsa kuwa ta sami ƙofa.

Wani zai ce agon da tsada, lokaci kuma kuɗi ne. Gaskiya ne. Amma wanne ya fi tsada, tulun iska guda ko madarar yini guda da aka zubar?

Sabo da haka, duk mai ba da irin wannan aiki ya sa a fara yin gwaji a kan guntu, a tsaga shi biyu, a duba. In an ga ɗinki ya fito ciki, fari, ya zagaye ba yankewa, to, a ci gaba. Mai walda na ƙwarai ba ya ƙin a tsaga aikinsa.

Sai wani mako, ku huta lafiya.