Mu Daina Ɗora wa Shaiɗan Kayanmu

'Yan'uwa matasa, akwai maganar da ta kama bakinmu a ikilisiya, lokaci ya yi kuma da za mu tofar da ita: "Aikin Shaiɗan ne." Ma'ajin zumunta ya zuba kuɗin taron shekara a cacar ƙwallo, aikin Shaiɗan ne. Ɗalibi ya sayi amsar jarrabawa, aikin Shaiɗan ne. Sai a durƙusa gaban dattawa, a yi hawaye, a ɗora hannu, a tsauta wa Iblis, kowa ya ce amin. Bayan wata biyu mu sake zama a kan magana ɗaya da mutum ɗaya.

Ba mu ce babu Shaiɗan ba. Manzo Bitrus ya kwatanta shi da zaki mai neman abin da zai cinye (1 Bitrus 5:8). Amma mu buɗe Yakubu 1:14-15. Da yake bayyana yadda mutum ke faɗuwa, bai ko ambaci Iblis ba. Sha'awar mutum ce ke jan sa, ta ɗauki ciki, ta haifi zunubi, zunubin ya girma ya haifi mutuwa. Ciki kuwa ba ya zama jariri a dare ɗaya. Wanda ya cinye kuɗin zumunta ya fara ne da naira 200 tasa a kan wasan Asabar, ya ci sau ɗaya, ya ji daɗi. Wa ya sauke manhajar a wayarsa? Wa ya haɗa ta da asusun banki?

Wannan dabara tamu tsohuwa ce. Adamu ya nuna Hauwa'u, Hauwa'u ta nuna maciji. Haruna ma, babban mutum, cewa ya yi zinariya kawai ya jefa a wuta, sai ga ɗan maraƙi ya fito (Fitowa 32:24). Muna dariya in mun karanta, alhali bakinmu ɗaya da shi.

A duba Dawuda a 2 Sama'ila 11. Lokacin fita yaƙi ya zauna a Urushalima. Ya hau soro, ya hango, ya yi tambaya, aka gaya masa matar Uriya ce, duk da haka ya aika. A kowane mataki yana iya juyawa. Da annabi Natan ya tsare shi, bai nemi wanda zai laƙa wa ba, ya ce shi ya yi wa Ubangiji zunubi. Yusufu kuwa tun kafin ranar da matar Fotifar ta kama rigarsa, ya riga ya ƙi ko zama tare da ita (Farawa 39:10). Ya gudu, gudun ya kai shi kurkuku. Kada wani ya ce mana adalci ba ya cin kuɗi.

Wani zai ce, "Baba Fasto, ba aiki, gari ya yi zafi." Gaskiya ne, mun sani, 'ya'yanmu ne ke zaune da takardun digiri. Sai dai caca ba ta taɓa zama aiki ba. An tsara ta ne don mai ita ya ci riba, kuma ribarsa daga aljihunmu take fitowa.

Mu fastoci ma ba mu tsira ba. Kwanan addu'ar korar aljanu ya fi mana sauƙi a kan zama da saurayi ɗaya mako bayan mako muna tambayarsa inda kuɗinsa ke tafiya. Majami'a na cika a na farkon, na biyun ba mai tafa mana.

Don haka wanda ya zo neman addu'a a kan caca, za mu yi masa da zuciya ɗaya, amma ya zo da wayarsa. A gabanmu zai goge manhajar, ya faɗi nawa ya ɗauka, ya rubuta ranar da zai fara biya, ya kuma zaɓi ɗan'uwa ɗaya da zai riƙa duba shi kowane mako. Kuɗin zumunta kuma daga yanzu ba ya fita sai da sa hannun mutum biyu.