Mutumin da Ya Zo Na Biyu

Ranar 15 ga Satumba, 1925 ba wanda ya taɓa mafarkin ɗan adam zai tsallake mita 5 da gwangwala. Shekara ɗari daidai bayan haka, ranar 15 ga Satumba, 2025, a gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya da aka yi a birnin Tokiyo na Japan, wani saurayi mai suna Armand Duplantis, ɗan wasan ƙasar Suwidin, ya tsallake mita 6.30, wato ƙafa 20 da inci 8. Raƙumin dawa ma bai kai wannan tsawo ba. Duniya duka ta ɗauki labarinsa, ya kuwa cancanta. Amma mu a wannan wata hankalinmu yana kan mutumin da ya zo na biyu, da abin da ya yi bayan an kayar da shi.

Bari mu fara bayyana wasan, don masu karatu da yawa ba su taɓa ganinsa ba. Ana kiransa tsallen gwangwala. Akan gitta wata siririyar sanda can sama a kan dogayen ƙarafa biyu. Mai tsalle yakan riƙe gwangwala mai tsawon kamar mita 5, ya sheƙo da gudu daga nisan mita 40 ko kusa da haka, ya soka bakinta cikin wani ɗan rami da aka tanada a ƙasa. Sai gwangwalar ta lanƙwashe kamar baka, ta miƙe, ta cilla shi sama ƙafafu a gaba. Ya juya, ya saki gwangwalar, ya haye sandar, ya fāɗa kan katifa. Dā da itace ake yi, daga baya aka koma gora, sa'an nan ƙarfe. Tun wajen 1960 aka koma ga gwangwalar roba da zaren gilashi, mai lanƙwasa ba ta karye ba, shi ya sa tsalle ya yi ta ƙaruwa.

Dokar wasan mai sauƙi ce. Wanda ya tsallake, sai a ƙara ɗaga sandar. Wanda ya kayar da ita sau uku a jere, ya fita. Ashe ke nan kusan kowa da fāɗuwa yake gama wasan, har gwanaye. Sergey Bubka, mutumin Yukiren, shi ne ya fara tsallake mita 6 a 1985, ya kuma ci gasar duniya sau shida a jere daga 1983 zuwa 1997. Amma a wasannin Olamfik na 1992 ya kayar da sanda sau uku tun daga farko, ya koma gida hannu wofi.

Wani zai ce me ya kawo zancen wasa cikin mujallar ekklesiya? To, manzo Bulus kansa ya yi wa Korintiyawa misali da masu tsere. Kuma wanda ya ci zinariyar tsallen gwangwala a Olamfik na 1952 da na 1956, Bob Richards, fasto ne na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Amurka, wato ekklesiyar da ta aiko da masu bishara Garkida a 1923, aikin da ya haifi EYN.

An haifi Duplantis a 1999 a jihar Luwiziyana ta Amurka. Ubansa tsohon mai tsallen gwangwala ne, uwarsa 'yar Suwidin ce, ita ma 'yar wasa. A bayan gidansu aka shirya wurin tsalle, yaro ya tashi da gwangwala a hannu tun yana ƙarami. Ya fara kafa tarihin duniya a 2020 da mita 6.17, na Tokiyo kuwa shi ne karo na 14 da ya yi haka. Ku duba halin da sauran sa'o'insa suke ciki. Sun ba da ƙuruciyarsu ga wannan wasa, sun sha karaya da targaɗe, amma duk inda suka je suka tarar da shi, sun san lambar azurfa suke nema.

Emmanouil Karalis na ƙasar Girka, wanda uwarsa 'yar Yuganda ce, shekararsu ɗaya da Duplantis. A daren nan na Tokiyo ya tsallake mita 6 cif. Har zuwa 2025 mutanen da suka taɓa yin haka a duniya ba su kai 40 ba. A shekaru da yawa da suka wuce, da wannan tsalle ya ba shi zinariya. Ya sa aka ƙara ɗaga masa sanda, ya gwada sau uku, bai haye ba. Ladan na ɗaya dala 70,000 ne, na biyu kuwa dala 35,000, ga kuma dala 100,000 ga wanda ya kafa tarihin duniya. Saboda haka ba ƙaramin abu ya kuɓuce masa ba.

To, sai Duplantis ya ce a kai sanda 6.30. Ya gwada na fari ya kayar, ya gwada na biyu ya kayar. Dare ne mai zafi da gumi. Karalis bai tattara kayansa ya tafi ba. Aka gan shi riƙe da 'yar fanka ta hannu yana yi wa mutumin da ya kayar da shi fifita, don ya huta ya sake gwadawa. A gwaji na uku Duplantis ya haye, sauran masu tsallen suka rugo suka rungume shi. Haka ma aka gani a Olamfik na 2024 a birnin Faris, inda Sam Kendricks na Amurka, wanda ya zo na biyu da mita 5.95, ya tsaya yana zuga 'yan kallo su tafa wa Duplantis har ya tsallake 6.25.

Kada mu ɗauka haka abin yake kullum. A Olamfik na 2016 a Barazil, ɗan ƙasar, Thiago Braz, ya kara da Renaud Lavillenie na Faransa. 'Yan kallo suka yi ta yi wa baƙon ihu yana shirin tsalle. Braz ya ci da mita 6.03, amma wannan bai ishe su ba. Kashegari, da aka zo ba da lambobi, suka sake yi masa ihu har ya zub da hawaye a gaban duniya. Nasu ya ci, duk da haka zuciyarsu ba ta yi sanyi ba. Shi kuwa Lavillenie ɗin nan, shi ne mai riƙe da tarihin duniya na mita 6.16 tun 2014, har Duplantis ya ƙwace. Bai riƙe shi a zuciya ba. A gasar da shi kansa yake shiryawa a Faransa ne Duplantis ya tsallake 6.22 a 2023, mai gida kuwa ya rugo ya fāɗa masa a jiki don murna.

Akwai wani tsohon labari kuma. A Olamfik na 1936 a Jamus, abokai biyu 'yan Japan, Shuhei Nishida da Sueo Oe, suka tsallake mita 4.25 dukansu, a bayan wani Ba'amurke. Suka ƙi ci gaba da karawa da juna. Aka ba Nishida azurfa, aka ba Oe tagulla. Da suka koma gida sai suka kai lambobin wurin maƙeri ya raba kowace biyu, ya haɗa rabin azurfa da rabin tagulla, kowa ya ɗauki ɗaya.

Ba mu ce mutanen nan duka masu bi ne ba. Amma abin da suka yi ya tuna mana da 1 Sama'ila sura 18. Bayan Dawuda ya kashe Goliyat, mata suka fito da waƙa, suka ɗaukaka shi fiye da sarki Saul. Mutum biyu suka ji waƙar nan a gida ɗaya. Saul ya ji, ya fara hararar Dawuda daga ran nan, har ya jefe shi da māshi. Jonatan ɗansa kuwa ya tuɓe rigarsa ya ba Dawuda, har da takobinsa da bakansa da ɗamararsa. Ku lura, Jonatan ne ya fi hasara, gama shi ne magajin sarauta. A sura 23 ma ya bi Dawuda har jeji ya ƙarfafa shi ga Allah, ya nuna masa ya yarda ya zama na biyu a ƙarƙashinsa. Saul ya ƙare shekarunsa yana farautar mutumin da bai yi masa laifin kome ba.

Yanzu mu dawo gida. Ƙarshen zangon karatu ya zo, yaro ya kawo takardar sakamako, ya zo na biyu ko na biyar. Sau da yawa tambayar farko da yakan ji ita ce, "Wa ya zo na ɗaya?" In aka ce ɗan maƙwabci ne, sai a ce, "Kai biyu gare shi?" Wani uba ma yakan gwada 'ya'yansa da juna a kan tabarmar cin abinci, yana yabon ƙane don ya kunyata wa. Yaron da aka rena haka ya koyi abu ɗaya, cewa nasarar wani wulakanci ce gare shi. In ya girma, shi ne zai ga maƙwabci ya sami buhu 40 na masara ya ce ba taki kaɗai ba ne, akwai asiri. Shi ne zai daina zuwa sujada don an zaɓi wani dattijon ekklesiya an bar shi. Ita ce za ta fita daga zumuntar mata don an ba wata jagorar waƙa. Mun ga ekklesiyoyi sun rabu biyu a kan abin da bai fi wannan ba. Hausawa dai sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Mai yin ta ne yake ramewa.

Wasu iyaye za su ce, in muka koya wa yaro ya gamsu da na biyu, ai mun koya masa ragwanci. Wannan tsoro yana da dalili, don raggo ma yakan fake da tawali'u. Amma ku sake duban Karalis. Sai da ya ƙare dukan gwajinsa uku yana neman kayar da Duplantis kafin ya ɗauki fanka. Jonatan kuma jarumi ne, shi da mai ɗaukar masa makamai su biyu kaɗai suka fāɗa wa sansanin Filistiyawa. Mutum yana iya yin iyakar ƙoƙarinsa, ya ji zafin rashi, duk da haka ya sa wa wanda ya fi shi albarka. A Romawa 12:15 an umarce mu mu taya masu murna murna, mu kuma taya masu kuka kuka. Na biyun ya fi mana sauƙi. Gidan makoki yakan cika, amma in ɗan'uwa ya sami ƙarin girma a wurin aiki, masu zuwa barka da zuciya ɗaya ba su da yawa.

Ga shawararmu ga iyaye. In sakamako ya zo, ku gwada yaro da sakamakonsa na zangon da ya wuce, yadda mai tsalle yake gwada kansa da sandar da ya haye bara. In bai yi ƙoƙari ba, ku tsauta masa a kan rashin ƙoƙarin, kada ku jawo sunan ɗan wani cikin maganar. In abokinsa ne ya zo na ɗaya, ku aike shi ya je ya yi masa barka, in da hali ku raka shi. Ku kula da abin da kuke faɗa a kan maƙwabta a gaban yara, gama kunnensu yana buɗe ko suna wasa. A addu'ar iyali da dare kuwa, ku ambaci sunan wanda Allah ya ɗaukaka fiye da ku, ku gode dominsa. Da fari bakin zai yi nauyi, amma a hankali zuciya za ta bi.

Ubangiji ya ba mu zuciya irin ta Jonatan, mu da 'ya'yanmu. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.