Mahaƙin Ma'adinai Ya Cancanci Ilimi da Kulawa

Ya kai ɗalibi, ka dubi abubuwan da ke kewaye da kai. Simintin da aka gina ajinku da shi daga dutse aka samo shi. Kwanon rufi da ƙarfen taga da zoben zinare duk asalinsu ƙarƙashin ƙasa ne. Akwai mutanen da suke shiga rami su fito mana da waɗannan albarkatu. Su ne mahaƙa. A ra'ayina, ƙasar da ke cin moriyar guminsu tana da nauyi biyu a kanta: ta koya musu aikin kafin su shiga rami, kuma ta kula da su idan sun ji rauni ko sun kamu da ciwo.

Haƙar ma'adinai tsohuwar sana'a ce a Nijeriya. An daɗe ana haƙar kuza a Jos, da kwal a Inugu. Yau kuma ana haƙar zinare a jihohi kamar Zamfara da Neja da Osun. Sana'a ce mai haɗari. Rami yakan rufta da mutane, musamman da damina. Ƙurar dutse takan taru a huhu, ta haifar da tari da wahalar numfashi bayan shekaru, kuma huhun da ta lalata ba ya komawa daidai.

Abin da ya faru a Zamfara a shekarar 2010 ya isa darasi. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, mutane sun riƙa kai duwatsun zinare gida suna daka su, suna niƙawa. Ba su san cewa akwai dalma a cikin duwatsun ba. Ƙurar ta bazu a tsakar gida inda yara ke wasa, yara fiye da 400 suka rasu. Ba mugunta ce ta kashe su ba, rashin sani ne. Da an koya wa iyayen su yi niƙa nesa da gida, su jiƙa dutse da ruwa don rage ƙura, su yi wanka su sauya tufafi kafin su koma gida, da an ceci rayuka da yawa. Hausawa na cewa rigakafi ya fi magani.

Saboda haka ilimi shi ne mataki na farko. Akwai cibiyar koyar da ilimin ma'adinai a Jos, wasu jami'o'i ma suna horar da injiniyoyi. Amma yawancin mahaƙa ba za su taɓa shiga jami'a ba. Ya kamata a kai musu ilimin har bakin rami, cikin harshen da suke ji. A nuna musu yadda ake tokare rami da katako, da amfanin hular kwano da takunkumi, da yadda ake ba da taimakon farko.

Mataki na biyu shi ne kulawa. Duk taka tsantsan da aka yi, wata rana tsautsayi yakan faru. A shekarar 2010 Nijeriya ta kafa dokar biyan diyya ga ma'aikata. Dokar ta ce mai kamfani ya zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a wani asusu da hukumar NSITF ke kula da shi. Daga nan ake biyan wanda ya ji rauni ko ya kamu da ciwo a wurin aiki, ko iyalansa idan ya rasu. Doka ce mai kyau, sai dai ƙaramin mahaƙi ba shi da kamfani, ba shi da albashi. Idan ƙafarsa ta karye, abincin gidansa ya yanke.

Mafita ita ce mahaƙa su kafa ƙungiyoyin haɗin kai masu rajista, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowa ya riƙa zuba ɗan abu kaɗan, dillalan da ke sayen ma'adinai su ma su ba da nasu kason, gwamnati ta ƙara. Da wannan kuɗi za a biya magani, a tallafa wa marayu.

Wani zai ce, ai da yawansu ba su da lasisi, don me za a taimake su? Tambaya ce mai ma'ana. Amma mutumin da ya san rajista za ta ba shi horo da magani zai fi saurin yin ta. Ka ga kulawa ma hanya ce ta jawo mutane zuwa ga bin doka.

Watakila gobe kai ne injiniya ko likita ko ɗan majalisa. Idan wannan batu ya zo gabanka, ka tsaya wa mahaƙi, domin lafiyarsa ta fi abin da yake haƙowa daraja.