Jirgin Wasa Mai Igiya: Injin Da Ya Dace Shi Ne Wanda Za A Iya Ciyarwa A Gida

Yaron da ya tashi a Cheberu, ko Gwandu, ko Kalgo, ba baƙo ba ne wajen ƙera jirgi da karan dawa. Matsalar takan fara ne ranar da ya girma ya so jirgin nasa ya tashi da gaske. Hanya mafi arha a nan ita ce jirgi mai igiya: ƙaramin jirgi da ake ɗaura wa siraran wayoyi biyu, matuƙi ya tsaya a tsakiyar fili riƙe da mariƙi, jirgin yana kewaya shi. In ya karkata hannu sama jirgin ya hau, in ya karkata ƙasa ya sauko, kamar yadda ake sarrafa doki. Babu rimot, babu rediyo. Jim Walker na birnin Portland a Amurka ne ya yaɗa wannan wasa da jirginsa mai suna Fireball a 1940, kuma har yau hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, tana shirya gasarsa.

Ƙera gangar jirgin ba ita ce wahala ba. Inda matasa ke asarar kuɗi da watanni shi ne wajen zaɓen inji. Ga mai ƙira a karkarar Kebbi, injin lantarki ne ya dace, kuma girmansa ya bi nauyin jirgin, ba burin mai shi ba.

Kuskure na farko shi ne ɗaukar cewa babban inji ya fi. Sau da yawa ido yakan faɗa kan injin yankan ciyawa, ko na zarto, ko na ƙaramin janareta, saboda ana samunsu a wurin kowane bakanike kuma fetur suke sha. To amma linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Jirgi mai kilo 1 da ke gudun mita 24 a daƙiƙa a kan igiya mai mita 18 yana jan hannun matuƙi da ƙarfin da ya ɗan haura kilo 3. Idan aka ɗora wa jirgi injin da ya kai nauyinsa kilo 5, jan zai kai kilo 16 a wannan gudun, kuma jirgi mai nauyi yakan buƙaci gudun da ya fi haka kafin ya bar ƙasa. Waya ɗaya ta tsinke, sai a ga ƙarfe mai farfela ya nufi cikin 'yan kallo. Ban da haka, inji mai nauyi yana rinjayar hancin jirgi, alhali ma'aunin nauyinsa bai kamata ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin fiffike daga gabansa ba.

Arewa ta taɓa ganin misalin wannan a babban mataki. A 2007, Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyyar fizis a Jami'ar Bayero ta Kano, ya ƙera jirgi mai saukar ungulu da injin motar Honda Civic mai ƙarfin doki 133. Jirgin ya tashi, kuma aikin ya cancanci yabon da ya samu a duniya, sai dai bai haura ƙafa 7 daga ƙasa ba. Injin mota an yi shi ne don ya zauna a kan tayoyi, ba a damu da nauyinsa kamar yadda ake damuwa da na jirgi ba. A sama, abin da ake aunawa shi ne ƙarfin da inji ke bayarwa a kan kowane kilo na nauyinsa.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne: ciro ƙaramin inji daga motar wasan yara ko tsohuwar na'urar DVD. Jirgi mai igiya yana rayuwa ne da miƙewar igiyarsa. In gudu ya yi kaɗan, igiya ta saki, umarnin hannu ba ya isa wutsiya, kuma iska kaɗan ta isa ta turo jirgin cikin da'irar, kan matuƙin.

Akwai injinan da aka ƙera musamman don wannan wasa. Cox .049, mai girman cc 0.8, yana jan ƙananan jirage a igiyar mita 10 zuwa 11. Fox .35, mai kusan cc 6, wanda ya fito tun ƙarshen shekarun 1940, yana jan manya a igiyar mita 18. Injina ne masu kyau, marasa nauyi, kuma duk wanda ya shiga intanet neman shawara su za a fara ambata masa. Sai dai masu ba da shawarar a Amurka da Ingila suke, inda ake sayar da man injin a kanti. Waɗannan injina ba sa shan fetur. Fulogin da ke cikinsu yana da siririyar wayar filatinam wadda sinadarin metanol ke riƙe wa zafi, don haka mansu haɗin metanol ne da man zurma, galibi da ɗan naitirometen. Zurma dai tana fitowa a ƙasar Hausa, amma metanol mai tsabta ba hajar kasuwar ƙauye ba ce, guba ne mai makantarwa, kuma ba a aiko da irin wannan mai ta jirgin sama kamar sauran kaya. Nau'in da ake kira dizal, irin na kamfanin PAW na Ingila, shi ma yana buƙatar sinadarin ita mai saurin ƙafewa a zafi. A ƙara da ƙurar hunturu da ke shiga bakin inji ta ci fistan. Wanda ya sayi irin wannan inji a Kalgo, ya sayi doki ne a garin da babu harawa.

Injin lantarki marar kabon, wanda 'yan kasuwa ke kira burashles, ba shi da waɗannan matsaloli. Yaɗuwar jirage marasa matuƙa ta sa ya yi arha, ana kuma iya yin odarsa ta intanet. Abincinsa caji ne, kuma farantin sola da batirin mota sun isa su ciyar da cajarsa. Ƙa'idar da masu wasan ke bi mai sauƙi ce: wat 200 zuwa 300 ga kowane kilo na jirgi. Ke nan jirgi mai giram 500, da fiffike na kusan santimita 80, zai wadatu da inji mai lamba 2212 wanda nauyinsa kusan giram 50 ne, da batirin LiPo mai ɗaki uku na bolt 11.1, da farfela mai inci 8, da na'urar daidaita gudu ta ESC mai amfiya 20 zuwa 30. Sai ƙaramin agogon da zai kunna injin ya kuma kashe shi bayan minti biyu ko uku, tunda babu rimot. Ɗalibin lantarki a Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi zai iya haɗa wannan agogo da ƙaramin allon Arduino.

Masu sukar wannan zaɓi suna da hujja. Batirin LiPo yana da tsada, ba ya son zafi, kuma a watannin Maris da Afrilu zafin Kebbi yakan haura digiri 40. In ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta. Wannan gaskiya ne, amma kiyayewar ba ta da wuya: a ajiye shi a inuwa, a yi masa caji da cajarsa ta musamman a kan ƙasa ko cikin tukunyar yumɓu, kada ɗaki ɗaya ya wuce bolt 4.2 ko ya sauka ƙasa da bolt 3.3, a kuma yi wasan da sassafe lokacin da iska ke da sanyi da kauri. Wasu kuma na cewa jirgin da ba ya ƙara da hayaƙi ba jirgi ba ne, kuma mai lantarki ba ya koyon aikin inji. Sai dai a rukunin F2B na gasar duniya an riga an lashe kambu da injin lantarki. Kuma a lokacin da jama'a ke ɗar-ɗar da duk abin da ke shawagi a sama, rashin ƙara riba ce, ko da yake ba ta ɗauke wa mai jirgi sanar da mai unguwa kafin ya fita fili ba.

Abu ɗaya ne zaɓen inji ba ya canzawa: wayoyin jirgin na ƙarfe ne, kuma kusantar wayar wutar lantarki da su kisa ne. Fili ya zama fetal, nesa da turakun wuta.

Don haka tsarin da ya dace shi ne a fara ƙera gangar jirgi, a ɗora ta a sikeli, a lissafa wat ɗin da take buƙata, sannan a nemi inji. Matashin da ya bi wannan hanya zai samu jirgin da zai tashi kowane mako, ya faɗi, a gyara, ya sake tashi. Wannan maimaicin ne ke koyar da ma'auni da lissafin iska, ilimin da ake koyarwa a Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.