Shawarar Wata: Kafin ka sayi kyamarar hoto

Zancenmu na wannan wata a kan kyamara ne, ƴar ƙarama mai shiga aljihu.

Wani dattijo da muke karatun dare da shi ya saida tunkiya. Ya tafi kasuwar Tawa ran Lahadi, ya sayo kyamara. Mai saidawa ya nuna mishi babbar lamba bisa kwali, ya ce babu irinta. Bayan sati uku idon kyamarar ya fito, ya ƙi komawa. Rairayi ya shige ta. Tunkiya ta tafi, hoto bai samu ba. Shi ya sa na ce bari mu yi shawara.

Kyamarar zamani ba a sa mata fim. Tana ajiye hoto cikin wani ɗan kati. Wani ma'aikacin Kodak a Amurka, Steven Sasson, shi ya ƙera ta farko a 1975. Amma daga 2010, da salula mai hoto ta yawaita, cinikin ƙananan kyamarori ya faɗi. Kamfanoni sunka rage ƙera su. Don haka da yawa cikin waɗanda ka gani a kasuwa tsofaffi ne, wasu kuma jabu.

Tambayi kanka tukuna: me zan yi da ita? In hoton suna ne ko na biki, salularka ta isa. Riƙe kuɗinka. Kyamara ta fi amfani ga abin da ke nesa, kamar garke a bakin tabkin Tabalak, ko abin da ya yi ƙanƙanta, kamar tsutsa a zangarniyar hatsi da kake son ka gwada wa malamin gona. Makiyayi kuma ya ɗauki kowace dabba da shaidar da ke jikinta. In ta ɓace, hoto ya fi dogon bayani.

In ka ga lalle kana bukata, duba abu huɗu.

Na ɗaya, ido. Akwai kyamarar da gilashin idonta ke motsi ya jawo abu kusa. Wannan ita ce ta kirki. Akwai wadda ke kumbura hoto kawai, sai ya fito dishi-dishi. Tsaya a kasuwa, ka jawo wani allo mai rubutu daga nesa. In ka iya karanta shi, to.

Na biyu, lamba. Lambar da ake kira megafiksel ba ita ce kyau ba. Goma sha biyu ta isa a wanke hoton da za a rataya a ɗaki. Kyamara maras suna mai babbar lamba, yi hattara da ita. Tsohuwar Canon, Nikon, Sony ko Fujifilm mai lafiya ta fi ta.

Na uku, batir. Garinku akwai wuta? In babu, nemi wadda ake yi wa caji da igiya irin ta salula, don sola ta iya cika ta. Tambaya ko ana samun batirinta a Tawa. Kyamarar da batirinta ya mutu, ba a samun wani, ta zama dutse.

Na huɗu, ƙura. Mu a Adar ita ce babbar abokiyar gaba. Akwai kyamarori rufaffu, waɗanda ruwa da ƙura ba su shiga, amma da tsada. In taka ba irinsu ba ce, ɗinka mata jaka. Kada ka ajiye ta ƙasa. Kada ka bar ta cikin rana, zafi na kashe batir. Ran da hazo ya taso, bar ta gida.

Kada ka biya sai ka kunna ta, ka ɗauki hoto, ka gani da idonka. Tafi da wanda ya san ta. In ɗanka ne zai aiko daga Abijan, karanta mishi wannan shawara.

Abu na ƙarshe, ladabi. Kada ka ɗauki mutum sai da yardarshi, balle matar wani. Kada ka nufi barikin soja da ita.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.