Jitar Mdou Moctar ba ta Turawa ba ce

A zango, da an ji ƙarar jitar lantarki sai a ce kiɗan Turawa ne, shashanci kawai. Ni dai ban yarda ba. A 2024 Mdou Moctar, Ba'abzine ɗan Nijar, ya hau dandalin bikin Coachella a Amurka. Bahago ne, in ya saki yatsunsa a kan tsirkiya sai ka ji kamar jitar tana kuka. Ta farkonsa ma da wayar birkin keke ya haɗa ta, gidansu ba sa so. To, kukan me yake yi? Na ƙasarsa: Faransa ta shekara da shekaru tana kwasar yuraniyam a Arlit, ƙauyuka na kwana cikin duhu. Wannan ne shashancin?