Kada a murɗa sitiyari mota tana tsaye

Ƴan uwa manoman Icirnawa, yau maganata kan wata ɗabi'a ce ta direbobi, wadda kuke gani kullum ba ku ce komi ba. Babbar mota ta zo ɗaukar rake ko buhunan wake. An gama lodi. Direba ya tada inji, mota ba ta motsa ba ko taki ɗaya, sai ya kama sitiyari ya yi ta murɗawa har ƙarshe. Mai tarakta ma haka yake yi a bakin gona. Ni ina ganin wannan ɓarna ce, kuma ku ne kuke biyan kuɗinta.

Ku gwada wannan. Mutum ya ɗora buhun hatsi a ka, ya tsaya wuri ɗaya, ya juya a kan dunduniya ba tare da ya ɗaga ƙafa ba. Takalmi zai goge, gwiwa kuma za ta ji a jikinta. Amma in yana tafiya, sai ya karkata ba wahala. To, haka ƙafar mota take. Buhu 100 mai kilo 100 tan 10 ke nan, ban da nauyin motar kanta, kuma wani kashi na wannan nauyi yana kan tayoyin gaba. In mota tana tafiya, ko a hankali ne, taya mirginawa take yi tana bin inda aka nuna mata. In tana tsaye, sai dai a goga ta da ƙasa da ƙarfin tsiya.

Da can, tsofaffin manyan motoci ba su yarda da wannan wasa ba. Sitiyarinsu ƙarfin hannu yake so, wanda ya ce zai murɗa shi a tsaye kafaɗarsa ce za ta hana shi. Na yanzu suna da famfo mai tura mai, shi yake ɗauke wa direba wahala. Direba yana jin sauƙi, sai ya ɗauka babu nauyi. Nauyin yana nan. Ya koma kan famfo, da tiyon mai, da gaɓoɓin ƙarfen nan da makanikai suke ce wa rotil. In an kai sitiyari ƙarshe aka danne shi, za ku ji famfo yana wani kuka. Mai ne yake zafi. In abin ya zama na kullum, robobi su saki, mai ya dinga ɗiga, gaɓoɓi su yi sako-sako, mota ta riƙa yawo a kan hanya.

Ga kuma ƙasarmu ta jigawa. A cikin yashi, tayar da aka murɗa a tsaye rami take haƙa wa kanta, ta tara yashi a gabanta. Direba ya taka mai, mota ta kafe. Su wa ake kira su tura? Ku ne.

Direbobi za su ce lungunan gari ƙanana ne, wani wurin babu filin juyawa. Gaskiya ne, kuma murɗawa sau ɗaya ba ta karya mota. Amma ko a matsatsi ana iya barin mota ta ɗan gangara, gaba kaɗan, baya kaɗan, ana murɗawa tana motsi. Mai huɗa da shanu ma ba ya karkata su sai suna tafiya.

Abin da ya fi damuna shi ne taraktar ƙungiya. Ba ta lalacewa da rani, lokacin da take zaune. Sai ruwa ya sauka a watan Yuni ko Yuli, kowa yana jiran layinsa, sannan a ce famfo ya mutu. In ba a samu kayan gyara a Matamai ba, sai Damagaram, ko a bi ta Ɗan Barto zuwa Kano. Kafin a dawo danshi ya wuce, kuɗin gyara kuma daga asusunku zai fita.

Don haka ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku sa wannan a rubuce cikin dokar ƙungiya, a karanta wa direba ran da aka ɗauke shi aiki. Kowace safiya a duba man sitiyari, a leƙa ƙarƙashin tarakta ko akwai ɗigo. Wurin lodi kuma a zaɓi fili mai tauri, a juya motar ta fuskanci hanya tun tana wofi, sannan a soma ɗora buhu.